Dutsen Habude a cikin waya

Ina goyon bayan wannan yayi na koyon adana wuraren tarihi ta intanet, amma da sharaɗi.

Amfaninsa ba ya ɓuya. Tun 2013 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya fara ɗora hotunan zanen dutse na Afirka a intanet, wajen dubu 25, waɗanda ƙungiyar TARA ta Nairobi ta tattara. Ɗalibi a Birnin Kudu zai iya jera shanun da aka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa kusa da na Sahara, ya lura da abin da kullum yake wucewa bai kula ba: shanun nan ba su da tozo, alhali galibin shanun da Bafulatani ke kora a ƙasar nan yau da tozonsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa yaro tambaya. Kuma darasi na minti goma zai hana ɓarna mai yawa, domin masu lalata zanen ba duka mugaye ba ne. Wani ruwa yake watsawa don jan ya fito a hoto, wani sunansa yake rubutawa da gawayi, wani kuwa wuta yake hurawa a gindin dutsen, hayaƙi ya rufe zanen.

Inda nake da ja shi ne, an mai da yaranmu 'yan kallo. Darussan da Turanci suke, misalansu majami'un Turai ne da gine-ginen siminti, datar ma sai an yi da gaske. Mafi muhimmanci kuma, duwatsun Birnin Kudu ba na ido kaɗai ba ne. Akwai waɗanda ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, su ne wani masani, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, har ya ambaci alaƙarsu da bikin aure. Wane hoto ne zai gaya maka yadda ake buga su, da wa ke bugawa, da abin da ake rerawa? Wannan sani yana bakin tsofaffin mata, kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka ni a ganina a juya akalar. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da Jami'ar Tarayya ta Dutse su shirya gajerun darussa da Hausa, na murya, da za a iya turawa ta WhatsApp. Jarrabawar kuwa kada ta zama ta cike gurbi. A tura ɗalibi ya naɗo muryar kakarsa, ya naɗo amon dutsen, ya auno tsagewar katanga. Na Gwaram ya zauna da maginin garinsu ya rubuta yadda ake kwaɓa makuba da jera azara, in ya samu hali ya leƙa Shira ta jihar Bauchi, ya ɗauko hoton zanen can da rani, ya sake ɗauka bayan damina, a gwada a gani ko wani abu ya goge.