Mashayi Ya Ga Fatalwa, Wa Zai Gaskata?

In mashayi ya taso daga bakin Binuwai da tsakar dare ya ce ya ga aljani, a Jimeta dariya za a yi, a ce kwalba ce ta yi magana. A kan wannan matsala Kingsley Amis, marubucin Ingila, ya gina littafinsa The Green Man na 1969.

Maurice Allington mai masauki ne da gidan giya a wani ƙauye. Shekarunsa 53, yana shan wiski kamar ruwa, ga neman matar likitansa. Sai fatalwar Thomas Underhill, wani malami matsafi na ƙarni na 17, ta fara bayyana masa. Likita ya ɗora laifi a kan giya. Mai karatu ma haka zai zata, domin Maurice ne ke ba da labarin da bakinsa. Nan gwanintar take: abin da ya gani gaskiya ne, amma halinsa ya riga ya zubar da shaidarsa, ga fatalwar kuma 'yarsa Amy take hari, yarinyar da bai taɓa zama ya saurara ba.

Sai dai fa akwai gyara. Matan littafin kusan duk kayan ado ne. Kuma babin da Amis ya kawo Mahalicci a siffar wani saurayi suna hira a ɗaki, wallahi ba zai yi wa Musulmi daɗi ba. Ko a fannin labari ma ya rage tsoron.

Kada a bar wa yara shi a falo.