Don Allah MC, ka bar mu mu yi hira

Jiya da daddare na dawo daga walimar ƙarshen shekara ta wurin aikinmu, kuma har yanzu kunnena na dama bai daina ƙara ba. Kun san ni dai, ba na ƙin taro, musamman wanda aka ce akwai tsire. Amma wannan sabon yayi na ɗauko MC a ba shi makirufo a ce "kada ka bari kowa ya gaji da zama" ya fara isata.

Ga yadda aka yi. An ce ƙarfe 4, aka fara 5 da rabi. Ko zama ban gama yi ba, ina gaisawa da wani abokin aiki na reshenmu na Kaduna da rabona da shi tun Disambar bara, sai wani matashi mai jar hula ya daka tsawa: "Ban ji ku ba! Ku tashi tsaye!" Muka tashi. Ya ce mu tafa, muka tafa. Ya ce bai ji ba. Bawan Allah, ta ina za ka ji, alhali sifikun da ke bayanka sun kai firji tsawo? Daga nan har muka watse, maganar da na samu na yi da mutumin nan ba ta wuce "ya iyali" ba.

Aka yi wasan kujeru. Aka yi tseren ƙwai a cokali. Aka ɗaura wa mutane balan-balan a ƙafa aka ce kowa ya fasa na ɗan'uwansa. Aka ce kowa ya ciro waya za a yi kacici-kacici ta Kahoot, intanet ta ƙi, muka yi minti ashirin muna kallon allo. Duk wannan fa da sunan kada a bar mu mu yi shiru. To wa ya ce shiru muka yi? Hira muke yi, ka katse mana ita.

Inda raina ya ɓaci sosai shi ne da ya jawo Baba direba tsakiyar fili. Dattijo ne mai jikoki, wanda duk ofis ba mai wuce shi bai rusuna ba. Aka ce sai ya yi gasar rawa da wata yarinya mai bautar ƙasa, sa'ar autarsa. Baba ya yi murmushi, ya ɗan gyaɗa kafaɗa sau biyu, wayoyi kusan talatin suna ɗauka. Da ya dawo ya zauna na ce, "Baba, sannu." Ya ce, "To ya za a yi, ɗana, oga yana kallo." Ka ji fa. Mutum ya yi rawa don tsoron manaja, mu kuma muna tafi muna cewa an nishaɗantar da shi.

Abin da masu shirya irin wannan taro suka kasa ganewa shi ne, walimar kamfani ba bikin abokai ba ce. Wanda yake sa hannu a takardar hutunka yana zaune a teburin gaba. Ba ka da damar ka ce ba ka so. Idan MC ya nuna ka, ƙi ya zama girman kai, yarda kuma ta zama bidiyo a zauren WhatsApp na ma'aikata har zuwa Maris. Ga Hajiya akanta da ko a bikin 'yarta ba ta taka rawa a gaban maza. Ga abokan aikinmu Kirista da hankalinsu yana tashar mota, suna lissafin kuɗin zuwa gida Kirsimeti. Duk an tattara su an ce su yi tsalle.

Ba yau muka fara taro ba, ballantana a ce sai an koya mana yadda ake riƙe jama'a. Sanƙiran da muka taso muka gani a bakin fada da gidajen biki ya san wanda zai wasa, ya san wanda zai tsokana, ya san wanda zai wuce da gaisuwa kawai. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana riƙe zaure guda, ba wanda ya tilasta wa tashi. Shata kuwa in kalangu ya ɗauka, mai son rawa da ƙafarsa yake fitowa. Aikin ke nan: ka karanci mutanen da ke gabanka. MC ɗinmu na jiya takardar jerin wasanni yake karantawa.

Sai batun abinci. Magariba a wannan lokaci na hunturu ƙarfe 6 da 'yan mintoci ake kira, amma babu wanda ya sa ta a tsari, sai mutane suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya, MC yana cigiyarsu a lasifika. Abincin kuwa aka ce sai an gama wasanni, wai in an ci za a gudu. Ƙamshin dafa-duka da soyayyar kaza yana dukan hanci tun 6, ba a buɗe kuloli ba sai 8 ta wuce, waina ta sandare, ga sanyi. Sai da ruwan ciki fa ake jan na rijiya. In har sai an yi garkuwa da shinkafa za a riƙe mutane, to a binciki taron.

Na sani za a ce sababbin ma'aikata masu kunya suna buƙatar abin da zai sa su sake. Na ji. Wasa ɗaya na minti goma, ga wanda ya ga dama, ya wadatar.

Kuma zan yi adalci a wuri guda: ƙuri'ar kyaututtukan da aka bari sai ƙarshe ta yi aiki. Buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, fanka mai caji. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota yake cinye albashi, ba sai an ce wa kowa ya tashi tsaye ba. Zauren ya yi tsit, kowa ya ƙura wa lambarsa ido. Da buhun ya faɗa kan masinjanmu, tafin da aka yi shi ne tafi na gaskiya na farko a daren, kuma MC bai ce bai ji ba.

Saboda haka 'yan kwamitin baɗi, ga roƙona. A fito da abinci da wuri. A ware lokacin salla a rubuce. Jawabin oga kada ya wuce minti biyar, a kira sunan masu gadi da masu shara a gode musu a bainar jama'a. DJ ya rage sauti yadda zan ji na kusa da ni ba sai ya yi ihu ba. A ajiye shayi da tsire a gefe, a haɗa mutanen reshe da na hedikwata a teburi ɗaya, sannan a ƙyale mu. Kuɗin MC kuma a ƙara buhu biyu a ƙuri'a. Baba direba dai, don girman Allah, a bar shi ya ci kazarsa a zaune.