Zane Mai Motsi: Me Digiri Zai Ƙara wa Ɗan Maiduguri?

Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti ɗaya kuwa 1,440. Daga wannan lissafi ya kamata a fara maganar karatun katun da siddabarun fim a jami'a, domin sana'ar haƙuri ce tun kafin ta zama ta kwamfuta. Duk lokacin da na ga masu ɗinkin hular Zanna Bukar a Maiduguri sun duƙufa makonni a kan hula guda, zare bayan zare, sai in ce a raina ga hannun da fannin ke nema.

Sai dai yaron da ya shiga Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da wannan buri, a warwatse yake tsintar abin: zane a sashen zane-zane, kyamara a sashen aikin jarida, lissafin na'ura a sashen kwamfuta. Shi zai yi ta ɗinke su da kansa. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta rarraba digirin aikin jarida zuwa rassa, har fim ya samu nasa, kuma akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos. Ƙofa ta buɗe, amma zane mai motsi har yanzu ɗan rakiya ne.

Wasu na cewa digirin ma na mene ne, tunda manhajar Blender kyauta ce, darussa kuma sun cika YouTube? Suna da gaskiya ta wani gefe. Amma YouTube danna maɓalli yake koyarwa, ba ya koyar da kallo. Dubi aljanin da ke ɓacewa a wasu finafinan Kannywood: hayaƙin ya tashi, amma haskensa bai taɓa bango ba, inuwarsa kuma ta saɓa wa rana. Ido ne bai horu ba, ba na'ura ce ta gaza ba. Kayan da ake saukewa daga intanet kuma tafiyar wasu mutane suka kwaikwaya, da tufafinsu. Babu wanda ya tanadar mana yadda lafaya ke kaɗawa a jikin mace tana sauri, ko yadda babbar riga ke zubowa idan dattijo ya naɗe ta a kafaɗa, ko yadda ƙurar hunturu ke dusashe hasken la'asar. Wannan sai an zauna shekaru ana zanawa, malami na cewa sake, abokan aji na kushewa. Amfanin jami'a ke nan.

Kuma kada a ɗauka baƙon abu ne a yankinmu. Moustapha Alassane na Nijar ya fitar da Bon Voyage Sim tun 1966, katun na kwaɗi da ke shaguɓe ga shugabanni, ya kuma je Kanada ya ƙaro sani wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren. Nijeriya kuwa sai a 2020 ta samu dogon katun a sinima, wato Lady Buckit and the Motley Mopsters.

Babban cikas wuta ce. Kwamfuta kan kwana tana sarrafa 'yan daƙiƙoƙi, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Mutanen Maiduguri ba su manta da duhun da suka shiga a Janairun 2021 ba, bayan an lalata turakun lantarki. Sashen da ba shi da sola mai ƙarfi, allo kawai zai koyar.

Da ni ke tsara aikin shekarar ƙarshe, Birnin Gazargamu, tsohon babban birnin daular Borno, zan ba ɗalibai. Su je kufan su auna jan tubalin da ya rage, su zauna da malaman tarihi, sannan su tayar da ganuwar a kwamfuta, dawakin Mai Idris Alooma na shigowa ta ƙofa, na minti ɗaya tak.