Auren Gizo na Amurka

Duk wanda ya ratsa kasuwar Talata Mafara ran Talata, ko ya tsaya bakin makaranta a Bakura ko Maradun sa'ad da aka tashi yara, da wuya ya rasa ganin hoton wani mutum mai tufafi ja da shuɗi, fuska a rufe, jiki duk zanen saƙar gizo-gizo, a bayan jaka ko a gaban 'yar rigar gwanjo. Yara sun san sunansa, Spider-Man, mu kuwa bari mu kira shi Gizo na Amurka. Abin da galibinsu ba su sani ba shi ne, mutumin nan ya yi aure, ya zauna da matarsa shekara 20, sa'an nan masu shi suka wayi gari suka ce ba a taɓa ɗaurawa ba.

Ga yadda abin ya ke. A 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka ƙago shi a littattafan zane na kamfanin Marvel a birnin New York. Sunansa na yanka Peter Parker, maraya ne, baffansa Ben da matar baffan, tsohuwa May, su suka rene shi. Wani gizo-gizo ya cije shi, ya sami ƙarfi da iya hawan bango. Ran nan ɓarawo ya gifta ta gabansa a guje, ya ƙi tare shi, ya ce ba ruwansa; ɓarawon nan shi ya je ya kashe Ben. Tun daga ranar ya ɗaura wa kansa cewa ba ya sake gudun alhakin abin da ya aikata. Mai karatu ya riƙe wannan, gama a kansa hukuncinmu zai tsaya.

A 1987 aka aura masa Mary Jane Watson, har aka yi wasan bikin a filin ƙwallo na Shea a New York, gaban dubban jama'a. Amma tun ba a je ko'ina ba waɗansu editocin suka fara ƙyashin auren. Tsakanin 1994 da 1996 suka gwada kawo wani mai kama da shi, Ben Reilly, domin ya gaji rigar, masu karatu suka ƙi. Daga baya aka ce matar ta mutu a jirgin sama, aka kuma komo da ita. A 2007 ne babban edita, Joe Quesada, ya cim ma burinsa, cikin wani labari mai kashi 4 da a ke kira One More Day, watau ƙarin kwana ɗaya. An harbi tsohuwa May, tana bakin mutuwa, likita ya kasa, sai wani shaiɗani mai suna Mephisto ya zo ya ce zai tashe ta, ladansa kuwa auren nan: a shafe shi daga duniya, kamar ba a yi ba. Miji da mata suka yarda. Shi kansa marubucin, J. Michael Straczynski, ya faɗa a fili cewa ya so ya cire sunansa daga kashi biyun ƙarshe.

Hujjar edita ita ce aure yana tsofar da jarumi, yaro mai sayen littafi ba ya ganin kansa a jikin magidanci. In an ce a yi saki, ko matar ta rasu, to, ya zama gwauro, gwauro kuwa ya fi mai aure alamar tsufa. Saurayi su ke so. Shi ya sa aka nemo shaiɗan.

To, mu da muka tashi da tatsuniya muna da abin cewa a nan, domin mu ma muna da namu Gizon, kuma magidanci ne. Tun kakanni yana tare da Ƙoƙi. Dubi littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, waɗanda aka tattara da yawansu a lardin Sakkwato, lardin da garuruwan nan namu su ke ciki a zamanin, za ka same su tare, yau yana cutarta, gobe tana tona shi, jibi su haɗa kai su cuci kura. Ba mu taɓa jin wata tsohuwa ta ce bari ta kori Ƙoƙi don kada yara su yi barci ba. Ai rabin daɗin Gizo a cikin gida ya ke. Wa zai ɓoye wa nama in ba shi da mata? Wanda ya ce labari ya kan ƙare ran da aka kai amarya, lalle bai zauna gidan aure ya saurara ba.

Amma fa kada mu zalunci editocin, akwai bambanci. Mai tatsuniya ba ta yi wa kowa alkawarin lissafi ba. In kura ta cinye Gizo daren yau, gobe ga shi nan garau, ba mai tambaya. Marvel kuwa lissafin nan shi ne hajarsa. Wata bayan wata yana ce wa mai saye, abin da ya faru jiya yana nan, zo ka ga abin da zai haifar. Mutum ya ba da kuɗinsa shekara 20 bisa wannan sharaɗi, ya yi saurayi tare da Peter, ya yi aure tare da shi, watakila har ya haifu. Kamfani yana son ribar tarihi, yana kuma son 'yancin tatsuniya, ya ɗauki wanda ya ga dama ran da ya ga dama. Fushin masu karatu daga nan ya taso, kuma a ganina suna da gaskiya.

Da saki aka yi, da an sami labari. Mu nan mun san saki ba ƙaramin abu ba ne: akwai yaji, akwai biko, akwai idda, akwai kunyar haɗuwa a hanya, akwai kome in Allah ya nufa. Marubuci mai hannu ya ci shekara goma a cikin wannan bai ƙare ba. Shafewa kuwa ba ta bar kome ba, ko baƙin ciki, tun da waɗanda aka yi wa asarar ba su san sun yi ta ba. Mafi muni, an sa mutumin da aka gina bisa ɗaukar alhaki ya guje shi. Shi ya buɗe fuskarsa ga duniya a 2006, shi ya jawo harsashin da ya sami tsohuwa, maimakon ya ɗauki abin da ya shuka sai ya yi ciniki da shaiɗan, aka kuma nuna mana wai ya ci riba. Wannan ba Peter na 1962 ba ne, edita ne sanye da rigarsa.

Ba Marvel kaɗai ke da wannan ciwo ba. Kamfanin DC ya aurar da Superman ga Lois Lane a 1996, ya shafe auren a 2011, kafin shekara 6 ya mayar da shi, har da ɗa. Shi ma Marvel a 2024 ya fito da wani jeri dabam, Ultimate Spider-Man, na Jonathan Hickman, inda Peter ya ke da Mary Jane da 'ya'ya biyu, aka yi ta rububinsa, ya shiga sahun gaba a ciniki a shekarar. A babban jerin kuwa, wanda aka faro tun 1963, shekarar 2025 ta same shi ba mata. Saurayi aka nema, ga shi an wuce shekara 60 ana bugawa, sai a ce tuzuru.