Sanin tsami a Zongon Yamai

A ƙasar Beljiyam akwai wata giya da ake kira lambik, wadda masu kuɗi daga Amurka da Japan ke bin sawunta. Ana dafa ruwan alkama da sha'ir, a zuba shi a faffaɗan kasko na tagulla a saman bene, a bar tagogi a buɗe ya kwana yana hucewa. Ba a zuba masa yis. Ƙwayoyin halittar da ke cikin iska da jikin katakon ganguna su ke kama shi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku yana tsami. Gidan Cantillon da ke Burusal yana wannan aiki tun 1900, kuma a lokacin sanyi kaɗai, don zafi na ɓata shi. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin abubuwan gado na duniya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane wannan aiki tun kafin a gama yi masa bayani, domin shi ne aikin burkutu. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama a dafa. Sai a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi, in ya huce a zuba ragowar tsohuwar giya, bayan kwana ɗaya ko biyu randa ta fara kumfa. Ana ce mata dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, bilbil a Chadi da Kamaru, danginta kuma pito a Ghana. Kusan ko'ina mata ne ke dafa ta. Maguzawan Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya yi littafi a kansu a 1946, da Arnan Maraɗi da na Arewa wajen Dogon Dutsi, ba su raba ta da gayya da biki da tsafi ba. Babban bambancinta da lambik shi ne ba ta jira: in ta wuce 'yan kwanaki sai ta koma ruwan tsami zalla.

Zongon Yamai unguwar fatake ce tun asali, masaukin baƙi Hausawa da sauran 'yan kasuwa Musulmi, kuma hukuncin abin da ke sa maye a bayyane yake a wurinsu, kaɗan ne ko da yawa. Randar burkutu ba ta da wurin zama a nan. Amma ilimin bai tafi ko'ina ba, yana cikin tukunyar koko, da robar kunun zaƙi, da ƙwaryar nono.

Ka tsaya gaban mai koko da asuba ka ga yadda ake ciniki. Gasarar da ta dama gero ne da ya jiƙu, aka niƙa da citta da kanumfari da barkono, aka tace, aka bar shi ya kwanta har ruwan sama ya yi tsami. Wannan ruwan ba a zubar da shi duka, da shi take daidaita damun. Tsohon mai saye ba ya ma buƙatar kurɓa, tururin ya buge shi sai ya ce, "Hajiya, yau gasarar ta kwana biyu." Wani kuma dalilin wannan tsamin ne ya tsallake masu koko uku ya zo wurinta. Ƙwayoyin da ke wannan aiki dangin waɗanda ke tsamar da lambik ne, su ne kuma ke daskarar da kindirmo idan Bafulatana ta zuba ɗan nonon jiya a madarar yau. Da wannan sana'a sunan Hausawa ya zauna a Nima ta Akara da Kumasi, inda kowace ƙabila ke karya kumallo da kokon Hausa.

Kunun zaƙi ya fi nuna inda gwanintar take, domin shi ne ke tafiya a kan iyaka. Ana sirka gasarar da aka dama da tafasasshen ruwa da ɗanya, wasu su ƙara dankali ko tsiron hatsi don ya saki zaƙi, a bar shi ya kwana. Da farko tsami ke shiga. In aka ƙara masa lokaci, yis ya samu sukari, sai ya fara zama wani abu dabam. A watan Afrilu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, tazarar 'yan sa'o'i ce. Gorar roba ta kumbura, murfi ya yi huci in an murɗa, ɗan ƙaiƙayi ya taɓa harshe: mai sana'ar kirki ta san wannan kunu ya wuce sayarwa, kuma asararta ce. Babu ma'aunin zafi a hannunta, hanci ne da harshe da tsoron Allah.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke raina wannan sani. Turawa sun kusa kashe nasu bayan Emil Hansen ya ware tsantsar yis a masana'antar Carlsberg a 1883, giyar kwalba mai ɗanɗano iri ɗaya ta mamaye duniya, sai daga baya suka dawo suna neman tsohon tsami da tsada. Mu ma mun kama hanyar. Nonon leda na Solani da Niger-Lait ya zo da tsabta da sauƙi, ba wanda zai musa, amma yaron da ya tashi a kansa tsami iri ɗaya ya sani. Wasu masu kunu kuma sun koma cika sukari da ƙanƙara don ɓoye gasarar da ba ta nuna ba, domin gero ya yi tsada kuma ba kowa ke iya jiran kwana biyu kafin ya juya jarinsa ba.