Jinjina ga Masu Dafa Mazarƙwaila

Duk wanda ya ratsa fadamun Maƙarfi, Kudan da Ikara da rani ya san ƙamshin ruwan rake a kan wuta. Sannunku da aiki, masu mazarƙwaila! Doki na zagayawa da injin matsa, samari na tura rake, gwani kuwa na tsaye kan kasko yana kwashe kumfa. Shi ya san lokacin saukewa. In ya ɗan makara ta ƙone, wahalar yini ta tafi a banza. A bakin murhu ake gadon wannan sani, ɗa na kallon hannun ubansa. Daga ƙasar Zazzau ake lodinta zuwa kasuwannin Kano da Katsina, inda masu koko da kunu ke jiranta.