Littafin Wakiliyar Arizona

A cikin shekarar 1995 aka ɗauki wata budurwa, Kyrsten Sinema, aikin jin daɗin jama'a a makarantun firamare na Finiks, babban birnin jihar Arizona ta ƙasar Amurka. A lokacin ba ta cika shekara 20 da haihuwa ba. Mai irin wannan aiki ba ya shiga aji ya koyar. Shi a ke kai wa yaron da ya zo makaranta da yunwa, ko wanda ya kwana uku bai zo ba, ko wanda aka ga tabon duka a jikinsa. Sai ya bi yaron har gida, ya zauna da iyayensa, ya ji abin da ke damunsu, sa'an nan ya shiga neman inda za a samo musu taimako. Wannan aiki ta yi har shekarar 2002, cikin unguwannin da yawancin yaran 'ya'yan talakawa ne da na baƙi.

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki yakan gane abu guda. Yaro ɗaya yana iya samun takalmi ta hannunsa, amma kuɗin da a ke ba makarantu, da ƙa'idar wanda zai sami magani kyauta, da yawan abin da a ke ba uwar da ba ta da mai taimako, duk a majalisar dokokin jiha a ke yanke su. Gama Amurka jihohi 50 ce, kowace da majalisarta. A Arizona an kasa jihar mazaɓa 30, kowace mazaɓa tana aika wakilai 2 da dattijo 1, watau wakilai 60 ke nan da dattijai 30, a kan sake zaɓensu kuwa bayan shekara biyu biyu. Albashin wakili a wancan lokaci dala 24,000 ne a shekara, abin da a ƙasar ba ya riƙe gida sai da dabara.

Sinema ta tsaya zaɓen wannan majalisa a 2002, a matsayin 'yar indifenda mai goyon bayan ƙaramar jam'iyyar nan ta masu kare muhalli da a ke kira Green. Su biyar suka tsaya, ita ce ta zo ƙarshe, da kashi 8 cikin 100 na ƙuri'u. Bayan shekara biyu ta shiga jam'iyyar Dimokurat, ta sake tsayawa a mazaɓa ta 15, ta ci. Ta zauna kujera a watan Janairu 2005, cikin majalisar da 'yan Rifablikan, abokan hamayyar jam'iyyarta, su ke da rinjaye. A 2009, tana nan wakiliya tukuna, ta fitar da littafin da za a duba a nan. Sunansa da Turanci Unite and Conquer, ma'anarsa a haɗa kai a ci nasara. Janet Napolitano, wadda ta yi Gwamnan jihar daga 2003 zuwa 2009, ita ta rubuta masa gabatarwa.

Mafi daɗin littafin shi ne inda marubuciyar ta tona asirin kanta. Ta ba da labarin zamanta na farko a majalisa ba tare da ta rage wa kanta kunya ba. Kullum sai ta miƙe ta yi jawabi mai zafi, ta nuna wa masu rinjaye irin muguntar dokokinsu, ta zauna tana jin ta faɗi gaskiya. Aka tashi zaman shekara, ba ta kai wa mutanen mazaɓarta kome ba. Ba safai ɗan siyasa ya kan rubuta haka game da kansa ba, balle yana kan kujera yana sa ran a sake zaɓensa. Wannan kashi na littafin ya cancanci yabo, kuma duk mai niyyar tsayawa zaɓe zai ƙaru da shi.

Daga nan ta sake hali, sauran littafin kuwa bayanin sabon halin ne. Ta ce a nemi abota da abokin hamayya, a san iyalinsa da abin da ya ke so in ya tashi aiki, a yi raha da shi. A kame zuciya in an ji maganar da ba ta yi daɗi ba. A daina tara mutane bisa ga kamannin da ke tsakaninsu kaɗai, a nemo waɗanda bukata ta haɗa ko da ra'ayi ya raba. Mai karatu zai ga a nan hannun ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Abin da a ke fara koya wa masu wannan aiki ke nan, cewa in ka shiga gidan mutum ka same shi inda ya ke, ka saurara kafin ka yi magana, kada ka yanke masa hukunci tun daga ƙofa. Ta ɗauki abin da ta koya a gidajen talakawa ta gwada shi kan wakilai, ya kuwa yi aiki, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ko a Finiks. Rubutun kansa mai sauƙi ne, kamar ana hira, ko da ya ke wani lokaci raha takan yi yawa har ta danne magana.

To, amma akwai shawara ɗaya da ta ɗora littafin duka a kanta, a nan kuwa ya kamata a tsaya. Ta ce masu haɗa kai su saki abin da su ke so a samu takamaimai, su riƙe aƙidar da ta haɗa su. Watau kada ka zo teburin shawara ka ce lalle sai an gina asibiti a wuri kaza, ka dai ce dukanmu muna son jama'a su zauna lafiya, sa'an nan a ga abin da zai fito. Dalilinta shi ne wanda ya ƙulla ransa ga abu guda ba ya jin maganar kowa, kuma da an hana shi wannan abu sai taro ya watse. Da gaskiyarta ta wannan fuska. Sai dai ta tsallake wani bambanci babba da ke tsakanin aikinta na da da na majalisa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a yana sassauta wa uban yaro, yana haƙuri da masifarsa, yana shan ruwan gidansa, domin akwai abin da ba zai saki ba ko kusa: yaron nan ya koma makaranta, a kuma daina dukansa. In ya fito daga gidan ya ƙulla zumunci da uban, yaro kuwa na nan yadda ya ke, ai bai yi aikin kome ba. Lallashin duka hanya ce, yaron shi ne ma'auni. Littafin ya koyar da lallashi filla filla, amma bai ba mai karatu ma'aunin da zai gane ranar da sassauci ya wuce iyaka ba. Yaran makarantun nan, waɗanda saboda su aka shiga siyasa tun farko, ba su da wurin zama sosai a cikin dabarun da ta shimfiɗa.

Babban misalin da ta kafa hujja da shi ma yana da rauni. A Arizona a kan kawo waɗansu dokoki gaban jama'a su jefa ƙuri'a da kansu. A 2006 aka kawo gyaran tsarin mulkin jiha mai lamba 107, wanda ya ce aure sai tsakanin namiji da mace, ya kuma hana hukuma ba masu zama tare ba aure wani haƙƙi irin na ma'aurata. Sinema ce ta shugabanci masu adawa da shi. Dabararta ita ce ta kau da kai daga rabin farko na gyaran, ta nuna wa jama'a tsofaffi maza da mata da ke zaune tare, waɗanda za su yi hasarar haƙƙinsu. Gyaran ya faɗi, kimanin kashi 52 suka ƙi, 48 suka yarda, Arizona ta zama jiha ta farko da ta ƙi irinsa. Ko mutum na tare da ita a wannan magana ko ba ya tare da ita, lalle dabara ce ta gwani. Amma masu gyaran ba su yi barci ba. A 2008 suka cire rabin da ya tsoratar da tsofaffi, suka dawo da sauran da lamba 102, ya wuce da kimanin kashi 56. Ashe jama'ar da ta tara ba aƙida ɗaya ta haɗa su ba, tsoron hasara ne, da aka ɗauke tsoron kowa ya kama gabansa. Wannan ya faru kafin littafin ya fito, alhali kuwa a bangonsa an yi alkawarin koyar da haɗin kan da zai ci nasara ya kuma ɗore.

Akwai kuma zancen Russell Pearce, ɗan majalisar da ya kawo dokar nan ta 2010 mai lamba 1070, wadda ta sa 'yan sanda su binciki takardun zama na wanda suka tsare in sun yi zaton baƙo ne marar izini. Sinema ta yi adawa da dokar, wannan ba a musunsa. Amma a 2011, sa'ad da mutanen mazaɓar Pearce suka tashi yi masa kiranye, har suka tuɓe shi a watan Nuwamba yana shugaban Majalisar Dattijan jihar, ita ba ta sa hannu ba. A lokacin ita ma dattijiya ce a wannan majalisa, suna kuwa shiri da shi. Bisa ga koyarwar littafin abin da ta yi daidai ne, don ba a ɓata da wanda za a nemi ƙuri'arsa gobe. Iyayen yaran da ta yi wa aiki shekara bakwai, waɗanda da yawansu dokar ta shafa, da wuya su ga abin haka.

Ba kowane littafin dabaru ne mai shi ya kan sami damar gwada shi a babban fili ba. Ita ta samu. Ta tafi Majalisar Wakilan Tarayya a 2013, sa'an nan a zaɓen 2018 ta zama mace ta farko da Arizona ta aika Majalisar Dattijan Amurka. A can dabarar ta haifi abin kirki, tilas a faɗa. Ita da Rob Portman na Rifablikan suka ja ragamar shawarar babbar dokar gyaran hanyoyi da gadoji da ruwan sha, ta wuce majalisar da ƙuri'a 69 da 30 a watan Agusta 2021. A watan Yuni 2022, bayan kisan yaran makaranta a garin Uvalde na jihar Teksas, tana cikin dattijai huɗu da suka tsara dokar sa ido kan sayen bindiga, irin wadda aka yi kusan shekara 30 ba a iya yi ba. Wanda ya saba da jawabi mai zafi kaɗai ba zai kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ɗaya fuskar kuwa ga ta. Ran 5 ga Maris 2021 aka nemi a sa ƙarin mafi ƙarancin ladan aiki, daga dala 7.25 zuwa dala 15 a sa'a, cikin dokar agajin annobar korona. Su takwas ne daga ɓangaren jam'iyyarta suka ƙi, hujjarta kuwa ita ce a raba zancen lada da zancen agaji, hujjar da a ke iya saurara. Amma yadda ta yi shi ne ya tsaya wa mutane a rai: ta zo gaban magatakarda ta juya babban yatsanta ƙasa, da ɗan rausaya, aka ɗauki hoton ya bazu ko'ina. A watan Janairu 2022 ta ƙi yarda a sassauta ƙa'idar majalisar da ta ce sai an sami dattijai 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, saboda haka dokar kare haƙƙin masu jefa ƙuri'a ta mutu, shugabannin jam'iyyarta na Arizona suka tsawata mata a rubuce. A watan Agusta na wannan shekara kuma, da matsawarta aka cire ƙarin harajin da aka so ɗora wa manyan masu juya dukiyar attajirai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tana da amsarsa. In aka jera su kuwa, sai a ga abin da a ke saki galibi na marasa ƙarfi ne, kuma babu shafi a littafin da zai ce mata a nan fa a tsaya.

Saboda haka littafin rabin darasi ne, rabin kuwa mai kyau. Malamin asibiti ko ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya gaji da ɗinke ɓarakar da doka ta yi, har ya yi niyyar shiga majalisar jiharsa, zai koyi yadda a ke zama da masu rinjaye ba tare da an zama abin dariya ba, da yadda a ke faɗuwa zaɓe da kashi 8 a tashi a sake shiri. Abin da zai riƙe ya ƙi sayarwa, wannan sai ya zo da shi daga wurin aikinsa na da, don littafin bai tanada masa ba.

Ita dai marubuciyar ta fita daga jam'iyyar Dimokurat a watan Disamba 2022, ta koma indifenda kamar yadda ta fara shekara 20 da suka wuce. Ran 5 ga Maris 2024 ta ba da sanarwa ba za ta sake tsayawa ba. Ta bar kujera a watan Janairu 2025, Ruben Gallego ya gaje ta. Ran da ta sauka, mafi ƙarancin ladan aiki na tarayya yana nan dala 7.25 a sa'a, inda ya tsaya tun 2009, shekarar da littafin ya fito.